Buhunan Gindin Tsamiya

Ranar Laraba da hantsi aka kawo rahoto caji ofis na Kazaure cewa ga gawa a bakin hanyar Roni, ƙarƙashin dutse, kuma ba wanda ya yarda ya matsa kusa da ita.

Damina ce ta 1971, shekarar da amai da gudawa ya shigo ƙasar. Duba-gari sun hana cin kasuwa, sun hana tallan fura da nono. Tsohon hatsi ya ƙare a rumbuna, sabo ko kai bai fitar ba. Mutum ya gamu da maƙwabcinsa sai ya ɗaga masa hannu daga nesa, yana kallonsa kamar shi ne ajalinsa.

Sufeto Haladu ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Mamuda. Suka biya ta rumfar masu cutar suka ɗauki Malam Sheriff, malamin asibitin da ke kula da ita.

Sun tarar da manoma sun yi cirko-cirko can nesa, kowa ya rufe hanci da gefen riga. Tsohuwa ce kwance a gefen hanya, ƙwaryarta a kife kusa da kanta.

"Ta rugar Ardo Gide ce, Inno sunanta," in ji wani manomi. "Su suka kawo mana masifar nan a cikin nono. Yanzu kuma sun fara kawo mana gawarwakinsu bakin gona."

"Wa ya tambaye ka?" in ji Sufeto.

"Ba a tambaye ni ba, amma gonata ce."

Malam Sheriff ya durƙusa ya daɗe yana dubawa. Da ya miƙe sai ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe, wannan ba cutar ba ce. Wanda amai da gudawa ya kashe, tufafinsa ke fara ba da labari. Nata ba komai sai ruwan sama. Dubi yadda ƙafafun suka kumbura, dubi damtsen kamar kara. Ga ganyen tafasa a haƙoranta. Yunwa ce, kuma ba ta jiya ba ce."

Sufeto ya ɗaga ƙwaryar da sandarsa. A ƙarƙashinta akwai ƙullin tsumma. Ya kwance, sai ga awarwaron azurfa guda biyu.

"Ɓarawo bai taɓa ta ba," ya ce. "Gari ta nufa, ta ba da waɗannan a ba ta hatsi."

Kofur Mamuda ya sosa ƙeya. "Amma yallaɓai, ai ƙungiya na kai wa rugar nan hatsi duk Juma'a. A masallaci aka faɗa, da kunnena na ji."

"To mu je mu ji ta bakin ƙungiya."

Ƙungiyar Ɗaukar Jinka ta malaman makaranta ce da 'yan kasuwa da wasu ma'aikata. Da can aikinta gyaran kwalbati da yashe rijiyoyi. Da cutar ta zo sai suka koma bi gida-gida, duk mai sauran hatsi a rumbu ya ba da abin da ya samu. Matansu na dama kunu a kai wa marasa lafiya, maza na kai tsaba gidajen da aka killace. Ba wanda zai yi musun cewa da ba su ba, da maƙabarta ta fi haka cika.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Baba Kura, ɗan kasuwar goro, bai ba Sufeto wurin zama ba.

"Wato mu ake tuhuma ke nan," ya ce. "Gwamnati ta rufe kasuwa ta koma ofis ta zauna. Mu muka fito muna roƙon gero kamar maroƙa. Yau tsohuwa ta faɗi a hanya, sai a turo mana ɗan sanda."

"Alhaji, tambaya na zo yi. Kuna kai musu hatsi?"

"Buhu uku duk Juma'a, mako shida ke nan. Kuma da ƙyar na shawo kan mutanena suka yarda. Rabinsu cewa suka yi a bar su su sha nononsu."

"Wa ke miƙa musu?"

"Miƙawa? Kana so a kwaso mana cuta? Akwai wata tsamiya kafin a kai rugar. Sama'ilu mai amalanke ke sauke buhunan a gindinta, ya buga ƙarfen da muka rataye, ya juyo. Su zo su ɗauka, su rataye buhunan makon jiya a reshe. Ba mu ganinsu, ba sa ganinmu."

"Yaya kuke sanin ya isa?"

"Buhunanmu na dawowa. Malam Lauwali, nuna masa."

Mai kula da siton ƙungiyar ya taso daga inda yake zaune. Malam Lauwali malamin firamare ne, dogo, siriri, da farar riga wankakkiya. Ya gaida Sufeto da ladabi, ya buɗe sito, ya nuna masa buhuna a ninke, kowanne da tambarin ƙungiya da aka buga da shuni.

"Ga na Juma'ar da ta wuce, ranka ya daɗe. In sun dawo mukan jiƙa su da ruwan magani, mu shanya."

"Ka san matar?"

"Duk garin nan an san Inno. Tana kawo nono unguwarmu. Allah ya jiƙanta."

Da suka fito, Alhaji Baba Kura ya biyo Sufeto har bakin mota.

"Ka ga mutumin nan? 'Yarsa Asma'u ta rasu wata guda ke nan, ita kaɗai gare shi, shekararta tara. Ranar uku ya dawo bakin sito. Irin mutanen da kake wa tambayar rainin hankali ke nan. Kuma in gaya maka, in ka bari magana ta fita cewa hatsin ƙungiya na ɓacewa, ba mai ƙara ba mu ko tiya ɗaya. Waɗanda za su mutu bayan nan, a wuyanka."

Sufeto ya san Alhaji bai faɗi ƙarya ba, kuma abin da ya dame shi ke nan.

A bayan ofishin ƙungiya mata na ta surfe, manyan tukwane uku na kan murhu. Shugabarsu, Tasalla, tana tsaye da muciya tana rabon faɗa.

"In kunu ka zo sha, Sufeto, ka makara. In kuma kama mu ka zo yi, bari ya tafasa tukun."

"Baba Tasalla, me kika sani game da hatsin ruga?"

"Abin da na sani shi ne ba su da godiya. Ban taɓa ganin irinsu ba. Ni a ƙauye na tashi, maƙwabtanmu duk Fulani ne. Ka ba Bafulatana ƙwarya da abu a ciki, ba za ta dawo maka da ita haka nan ba, ko ƙwan zabo ɗaya ne sai ta sa. Kunya ce a wurinsu. Su kuwa waɗannan, sau ɗaya tak suka tuna da mu."

"Yaushe?"

"Da buhunan farko suka dawo. Suka ɗauro ɗan gora na man shanu a bakin buhu. Mata suka ce a zubar, na ce ba a zubar da tukwici, na soya shi har ya yi ja, na zuba a miya, ba wanda ya mutu. Tun daga nan shiru. Buhu ya dawo fayau kamar an aike shi gidan maye."

"Sau ɗaya kika ce?"

"Ina ƙirga alherin da aka yi mini, ɗan nan. Ba shi da yawa."

Sufeto ya sa aka kira Sama'ilu mai amalanke caji ofis bayan la'asar. Gajere ne kakkaura, yana ta murza hularsa a hannu.

"Kai ke kai hatsi tsamiya?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Duk Juma'a?"

"Ban taɓa fashi ba."

"Ka ga mutanen rugar?"

"Ba na tsayawa. Ina buga ƙarfe nake juyo da shanuna."

"Buhunan da ka kwaso a reshe, da wani abu a jikinsu?"

"Wane irin abu, yallaɓai? Buhu ne kawai."

"Tafi. Kada ka bar gari."

Washegari Alhamis da safe Sufeto da Kofur suka kama hanya. Mota ta kai su inda taɓo ya hana, suka ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin gero. Sufeto na tafe yana duban ƙasa. Ciyawa ta rufe turbar har gwiwa, ba sawun amalanke, ba kashin shanu sabo ko tsoho.

Tsamiyar na nan, ƙarfen na rataye ya yi tsatsa. A reshen da ke ƙasa akwai buhu uku. Ruwan sama ya dake su rana ta busar, har sun yi baƙi, gara ta fara cin na gefe. Tambarin shuni ya kusa gogewa amma ana ganinsa.

A bakin na tsakiya an ɗaure ɗan gora da igiyar kaba. Kofur ya cire toshiyar, ya kawar da kai.

"Man shanu ne, yallaɓai. Ya lalace tuni."

"Buhunan mako na biyu ke nan," in ji Sufeto. "Sun rataye su da tukwicinsu, ba wanda ya dawo ya ɗauka. Wata guda amalanke ba ta taka nan ba."

"To buhunan da muka gani a sito fa?"

"Ba su taɓa zuwa nan ba. A wani wuri ake juye su."

Suka wuce tsamiyar. Rugar bukkoki ne kamar goma sha biyu. Samari sun tafi da garke arewa tun farkon damina don kada shanu su shiga gonaki, aka bar tsofaffi da mata da ƙananan yara da saniya biyu ta tatsa. Jiya da yamma aka kawo musu gawar Inno, sun rufe ta.

Ardo Gide na zaune a kan buzu. Bai miƙe ba, bai kuma ce su zauna ba.

"Kun tsallake tsamiya," ya ce. "Ba ku tsoron mu shafa muku?"

"Ardo, ya haƙuri. Allah ya jiƙan Inno."

"Amin."

"Hatsin ƙungiya na isowa?"

"Alhamdu lillahi. Mun gode wa mutanen gari."

"Na Juma'ar da ta wuce ya iso?"

"Ba mu rasa komai ba."

"To me ya fitar da tsohuwa da awarwaronta?"

"Tsufa. Tsoho yakan tashi ya kama hanya."

Sufeto ya dubi tsakar rugar. Turmi uku duk a kife, ciyawa ta tsiro a gefensu. Ba dusa a ƙasa, ba kaza ko ɗaya. A kan murhu tukunya na tafasa, abin da ke ciki kore ne shar. Wasu yara biyu na zaune a ƙofar bukka, ba sa wasa, ba sa kuka, suna dai kallo.

"Ardo, turmin da ake daka a cikinsa ciyawa ba ta tsirowa a gindinsa."

Tsohon ya ɗago ido, a karo na farko ya dube shi sosai.

"Kai ɗan sanda, me kake so in ce? In ce muna jin yunwa? A gaban wa? Wanda ya ba ka jiya, yau bai ba ka ba, bai yi maka laifi ba. Kyauta ce, ba a bin sawunta. Da muka aika mutum gari, jifa aka yi masa a bakin rijiya. Mun gane. Muka zauna."

"Sau nawa aka kawo?"

Daga cikin bukkar da yaran ke zaune wata mace ta amsa ba tare da ta fito ba.

"Sau biyu."

"Fatu," in ji Ardo.

"Baffa, ka yi haƙuri. Uwar mijina ce muka binne. Sau biyu, ranka ya daɗe. Duk Juma'a Inno takan je ta zauna nesa da tsamiya tun safe tana jiran ƙarar ƙarfe. Ɗan nonon da ake ba ta, 'ya'yana take ba wa, ta ce ta ƙoshi. Shekaranjiya ƙaramin ya kasa tashi, shi ne ta ɗauki ƙwarya."

"Yanzu yaya yake?"

"Yana numfashi."

A hanyar dawowa Sufeto na tunanin cewa wanda ya yi wannan aiki ya san mutanen nan ciki da waje. Ya san za su mutu kafin su buɗe baki su ce ba a kawo ba. Kunyarsu ya mayar makullin sitonsa. Abin da bai lissafa ba shi ne kunyar nan tana da hannu biyu, wadda ta hana su roƙo ita ta hana su mayar da buhu ba komai.

Da azahar Sama'ilu na gaban teburin Sufeto. A kan teburin akwai ɗan goran nan.

"Shaƙa."

"Yallaɓai?"

"Na ce ka shaƙa. Wannan tukwicinka ne, wata guda yana jiranka a reshe."

Sama'ilu ya dubi goran, ya dubi Kofur da ya tsaya a ƙofa.

"Tsohuwa ta mutu, yaro na kan hanya. Ina ka kai buhu goma sha biyu? Maigatari? Ko Daura?"

"Wallahi ban sayar ba."

"To ka ci ke nan. Kofur, buɗe masa bayan kanta."

"Yallaɓai, tsaya. Ni tsoro ne ya kama ni. Mako na biyu da na je, na hango ana haƙa kabari a bayan rugar. Na dawo na kasa cin abinci. Ina da 'ya'ya shida. Na je na ce wa Malam ba zan ƙara ba."

"Wane Malam?"

"Malam Lauwali. Ya ce ba komai, in riƙa ɗora kaya in fita ta hanyar Roni yadda kowa zai gani, in na kai bayan dutse shi zai karɓi amalanken ya ƙarasa. Ya ce kada in gaya wa Alhaji, don za a ce ni matsoraci ne a ba wani aikin. Ni kuma sai in zauna a gindin dutse har ya dawo da buhuna."

"Yakan daɗe?"

"Kamar daga hantsi zuwa kiran sallar Juma'a na farko."

"Shanun sukan dawo da taɓo a ƙafa?"

Sama'ilu ya sunkuyar da kai. "Ba sa dawowa da taɓo."

"Kuma ba ka tambaya ba."

"Malami ne, yallaɓai. Shi ya koya wa babban ɗana karatu."

"Gobe Juma'a. Za ka ɗora kaya kamar kullum, ka miƙa masa a bayan dutse kamar kullum. In ka buɗe baki kafin nan, kai da shi za ku raba tabarma a bayan kanta."

Kofur Mamuda ya jira har Sama'ilu ya fita. "Yallaɓai, yaron nan na ruga zai kai gobe kuwa?"

Sufeto ya buɗe aljihun tebur ya ba shi mabuɗin gidansa. "Je ka ce wa maiɗakina ta ba ka rabin geron da ke cikin buhu. Ɗauki Malam Sheriff ku kai yanzu. Ba zai ishe su kwana biyu ba, amma ka kai."

Ranar Juma'a da hantsi Sufeto da Kofur suka laɓe a kan dutse suna kallo. Sama'ilu ya iso da amalanke, Malam Lauwali ya fito daga wata gona ya karɓi igiyar shanun. Bai bi hanyar Roni ba. Ya karkata hagu ta wata turba da ta zagaye dutsen ta komo gari ta bayan unguwarsu.

Suka bi shi a ƙafa daga nesa. Amalanken ta tsaya a ƙofar baya ta gidansa.

Da Sufeto ya tura ƙyauren, abin da ya tarar ba shi ya zata ba. Mata ne kamar goma sha biyar zaune a tsakar gida, kowace da ƙwarya ko tasa a gabanta, wasu da goyo. Malam Lauwali ya riga ya kwance bakin buhu ɗaya, tiya na hannunsa.

Bai razana ba. Ya ajiye tiyar a kan buhun.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Na san za ka zo, ban dai zaci yau ba ne."

"Hatsin wa ke nan, Malam?"

"Na ƙungiya."

"Na wa ƙungiya ta ce a kai wa?"

"Na ruga."

"Su waye waɗannan?"

"Matan unguwarmu ne. Wannan mijinta ya mutu, wannan mijinta na rumfar Malam Sheriff. Wancan gidan su tara ne, maigidan dako yake yi a kasuwa, kasuwa kuma a rufe. Ƙungiya gidan da aka killace kawai take ba wa. Wanda cuta ba ta shiga gidansa ba, yunwa ta shiga, ba ya cikin lissafinsu. Na faɗa a taro, aka ce hatsin ba zai kai ba." Ya nuna ɗakinsa. "Shiga ka duba. In ka sami ƙwaya ɗaya ta ƙungiya a tukunyata, ka yanka ni."

"Na yarda ba ka ci ba. Me ya sa na ruga ka ɗauka? Ga na rumfa, ga na gidajen cikin gari."

"Su za su yi magana."

"Su kuwa na ruga ba za su yi ba."

"Ba za su yi ba."

"Shi ke nan dalilin?"

Malam Lauwali ya juya ya dubi ƙofar baya.

"Ranar Talata da yamma Asma'u ta ce nono take so. An hana talla, amma Inno takan zagayo ta wannan ƙofar a ɓoye. Ni na saya da hannuna. Ni na dama mata. Laraba da azahar na sa ta a rami. Ranar uku aka ce in auna buhu uku in aika wa masu nonon. Na auna. Sai ga Sama'ilu ya zo a tsorace. Na ce Allah ne ya kawo shi."

"Malam Sheriff ya ce a makon da ta rasu mutum biyar suka kamu a unguwar nan. Huɗu ba su sha nonon kowa ba, rijiya ɗaya dai kuke sha."

"Ya gaya mini."

"To?"

"Rijiya ba ta da fuska, ranka ya daɗe. Inno na da ita."

"Ka san suna jin yunwa?"

"Na ce suna da shanu. Haka nake gaya wa kaina duk Juma'a. Na san garken ya tafi arewa." Ya dubi matan, ya dawo da idonsa kan Sufeto. "Shekaranjiya da ka tambaye ni ko na san ta, na so in ji daɗi a raina. Na nema ban samu ba. Amma in tambaye ka, kai da ka san doka. Gida goma sha biyar na riƙe wata guda, ba wanda ya mutu da yunwa a cikinsu. Can mutum ɗaya ta mutu. Da na kai can, nan nawa za a binne?"

"Ban sani ba," in ji Sufeto. "Kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani, ba lissafi ka yi ba ranar da ka karkata amalanken nan. Daga baya ka nemo lissafin."

Malam Lauwali ya miƙa hannayensa biyu.

"Muhammadu Lauwali, na kama ka da laifin cin amana da karkatar da kayan da aka damƙa maka. Maganar mutuwar Inno kuma alƙali zai duba. Kofur, ɗaure bakin buhun nan, a mayar da shi kan amalanke."

Sai a lokacin matan suka gane abin da ake ciki. Wata mai goyo, Shatu, wadda mijinta ke kwance a rumfa, ta miƙe ta tsaya tsakanin Kofur da buhun.

"Ina za a kai shi?"

"Wurin masu shi."

"Mu ba mutane ba ne? Tun jiya da rana 'ya'yana ba su sa komai a baki ba, na ce su yi haƙuri yau Juma'a. Wa ya san da mu a garin nan in ba Malam ba? Kai ka taɓa leƙo mu?"

"Ban taɓa ba."

"To ka bar mana ko buhun da aka buɗe."

Sufeto ya dubi buhun. Ya dubi yaron da ke bayanta, kansa ya langaɓe gefe guda. Ya tuna waɗanda ya baro a ƙofar bukka. Ya yi shekara goma sha tara yana aikin ɗan sanda, ba a taɓa koya masa yadda ake raba buhu uku tsakanin yunwa biyu ba.

"Ba nawa ba ne da zan bar miki," ya ce. "Yau da la'asar zan tsaya a gaban Alhaji Baba Kura da sunayenku. Abin da zan iya ke nan."

"In ya ce babu fa?"

Kofur ya zagaye ta ya ɗaure buhun, ya kinkima.

"Allah ya isa," in ji Shatu. Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Sauran matan suka amsa da amin, ɗaya bayan ɗaya.

"Shatu, bari," in ji Malam Lauwali. "Ni za ki yi wa, ba shi ba."

"Kai ka ba mu. Shi ya ƙwace."

Aka aika aka kira Sama'ilu daga bayan dutse. Sufeto ya ce masa ya ja shanunsa shi da Kofur, kuma kada su tsaya a tsamiya, har tsakar rugar za su sauke, a gaban Ardo. Sama'ilu ya fara maganar 'ya'yansa shida, ya dubi fuskar Sufeto, ya fasa.

Amalanken ta juya ta kama turbar dutse. Sufeto ya sa wa Malam Lauwali ankwa, ya riƙe shi a damtse suka fito ta ƙofar gaba. Labari ya riga ya zagaya unguwa, maza sun fito sun tsaya a bakin zaurukansu cikin rigunan Juma'a. Ba wanda ya gaida Sufeto. Wani tsoho ya tofar da miyau daidai inda zai taka.

Matan suka biyo su a baya da ƙoransu a hannu. Har caji ofis suka raka su, suka zauna a inuwar bango suna jiran la'asar.